Yarinyar da Ba Ta Fashin Salla

Duk wata uwa a unguwar Levenshulme ta Manchester za ta so a ce damuwarta irin ta Murja ce, wai yarinya ta cika salla. Wasu sai da tsawa da ƙwace waya suke tayar da nasu 'ya'yan, ita kuwa Khairat kafin agogon falo ya gama kiran salla ta riga ta shige banɗaki, ana jin zubar ruwa. Wata na uku ke nan da hukuma ta kawo ta riƙo gidan, kuma ko sau ɗaya Murja ba ta ga ta zauna ana salla ba. To yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, jiki ya gama nuna girma, fuska duk ƙuraje, a ce wata uku babu fashin salla ko na yini ɗaya? Abin da ya hana Murja sakat ke nan.

Murja akanta ce, mai lissafin kuɗi a wani kamfani a Salford, can bakin ruwa. 'Ya'yanta biyu ne, duk maza, duk sun tafi jami'a sun bar mata gida shiru. Shi ya sa ta matsa wa mijinta Junaidu har suka shiga horon riƙon yara. An koya musu abubuwa da yawa a horon nan, amma rainon 'ya mace ba ta taɓa yi ba.

Ita Khairat daga Birmingham aka kawo ta. Uwarta Zinatu na fama da irin ciwon nan da ke sa mutum ya kulle ɗaki ya manta da girki, ya manta da makarantar 'yarsa. Uban kuwa ya koma Najeriya tun yarinyar na rarrafe. Ta zaga gidajen riƙo har ta gaji. A na ƙarshe, wanda gidan yara ne na hukuma, ta ɗauki kujera ta yi wa tagar ofis rugu-rugu, aka kai ta kotun yara. Kotu ba ta tsare ta ba, sai ta ce duk Laraba ta riƙa zuwa wani shiri na matasa irinta, inda ake koya musu girki, da zuwa likita da kansu, da riƙe fushi, da sanin jikinsu. Mai kula da ɓangaren lafiya a shirin wata nas ce, Goodnews Bobai, 'yar Kafanchan, wadda Hausarta ko a Kano ba za a raina ta ba.

Tun farkon zuwan yarinyar Goodnews ta tare Murja a bakin ƙofa.

"Hajiya, sati mai zuwa za mu fara batun jiki. Al'ada, balaga, consent wato yarda, wa za ki kira idan wani ya taɓa ki. Yaran nan na care, na riƙon hukuma, kullum ana canja musu school. Wannan ta yi darasin kafin su zo, waccan za ta yi bayan sun tafi. Sai ki ga yarinya ta kai sixteen ba wanda ya taɓa zaunar da ita."

"A'a Sista, wannan ki bar mini," in ji Murja, tana gyara mayafi. "Ba na son a zaunar da ita cikin samari ana nuna musu hotuna. Mu muna da hanyarmu. Ni zan yi mata a gida."

Goodnews ta dube ta ta saman tabarau. "Za ki yi?"

"Haba Sista. Ni fa uwa ce."

Faɗar ce ta yi mata sauƙi. Hanyar da take tunƙaho da ita, ga yadda take: ranar da abin ya same ta a gidansu na Yakasai, uwarta ko kallonta ba ta yi ba, tura ta ta yi ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta miƙa mata tsumma ta ce, "Kin girma. Ki ajiye salla sai kin yi wanka, kuma namiji ko hannunki ya riƙe, ciki ne." Darasin ke nan gaba ɗayansa. Ya fi a ƙirga sau nawa Murja ta hau bene da niyyar magana, ta ƙwanƙwasa, ta zauna bakin gado, kunya ta ɗaure mata harshe, ta ɓige da tambayar aikin makaranta ta sauko. Daga ƙarshe dai ta sayo audugar mata ta ajiye a kabad ɗin banɗaki, inda ido ba zai rasa gani ba, ta ce ai wannan ma magana ce.

Har yau ledar tana nan yadda ta ajiye ta, ko ɓarewa ba a yi ba. Kullum da safe sai ta buɗe kabad ɗin ta duba, kullum sai gabanta ya faɗi.

Shi kuwa Junaidu murna yake. "Masha Allah, yarinyar nan ta fi 'ya'yanmu su Harun nesa ba kusa ba," haka yake cewa yana shan shayinsa. Murja takan dube shi takaici ya cika ta. Injiniya ne guda, an ce shi ke lissafin nauyin da gada za ta ɗauka, amma wannan ɗan lissafin na wata-wata ya gagare shi. Kuma ba ta iya gaya masa.

A ofis ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta buɗe aiki ta rufe, ta haɗa shayi ta manta da shi ya huce. Tana tuna cewa a gidan yaran nan har da samari, kuma an ce Khairat ta taɓa gudu ta kwana biyu ba a san inda take ba. Ranar Alhamis da hutun rana ta fita bakin ruwa ta kira Goodnews.

"Sista, wata ƙawata ce ke tambaya. Idan mai riƙo tana zargin yarinya na da juna biyu…"

"Hajiya, ƙawar nan taki a Levenshulme take?"

Murja ta juya tana kallon ruwa.

Muryar Goodnews ta sauya. "Ki saurare ni. Idan da gaske ne, dole a yi report, ba zaɓi. She's fourteen, 'yan sanda za su shigo, kuma da wuya a bar ta a gidanki, akwai placement, gidan riƙo na uwa da jariri. Idan kuma ba haka ba ne kika jefa mata wannan zargin, yarinyar nan takalminta kullum a bakin ƙofa yake. Za ta gudu. Kin yi maganar da kika ce za ki yi da ita?"

"Ina shirin yi."

"Allah sarki. To Litinin akwai review, za a tambaye ki yadda zaman ke tafiya. Kafin nan ki tambaye ta. Da baki, Hajiya."

Maimakon baki, Murja mota ta ɗauka bayan an tashi aiki ta tafi har Stockport, don kada ta yi karo da wata Bahaushiya a kantin magani. Ta sayi abin gwajin ciki, ta cusa shi can ƙasan jaka, ta fito tana waige-waige kamar wadda ta yi sata. Abin da ta sani kawai shi ne ba ta son a ɗauke mata yarinyar nan. Ta saba da ƙarar ƙafarta a bene, ta saba da yadda take tsince albasa daga miya tana jerawa a gefen faranti. Son ta take yi, kuma ita kanta ba ta san lokacin da abin ya shige ta ba.

Ranar Asabar ce ranar kai Khairat ganin uwarta a Balsall Heath. Tun daga Manchester yarinyar ta toshe kunne da wayoyinta tana kallon taga. Murja ta shirya jimlar farko ta rushe, ta sake shiryawa, har suka shiga Birmingham ba ta furta komai ba sai, "Kin ci abinci kuwa?"

Zinatu na zaune a wani ɗan ɗaki a saman shagon yadi, kusa da Ladypool Road. Siririya ce, hannunta na ɗan rawa saboda magani, amma ranar ta yi kwalliya, ta dafa ɗanwake har da yaji mai daɗi. Ta yi ta yi wa Murja godiya har abin ya yi yawa. Khairat ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwar tana ci, tana satar kallonta kamar mai duba ko za a yi ruwa.

Da azahar ta yi, Zinatu ta shimfiɗa musu dadduma biyu.

"Maman Khairat, bismilla mana," in ji Murja.

"A'a Hajiya, ku yi abinku. Ni ba na salla."

Murja ta gyaɗa kai ta nufi banɗaki, don ba wani abu aka faɗa ba da mace ba ta saba ji ba. Tana cikin wanke hannu sai ga Khairat ta turo ƙofa ta shigo, ta rufe, fuskarta ta yi fari fat.

"Anti, please kar ki gaya musu."

"In gaya wa wa? Me?"

"Social worker. Abin da Mum ta ce." Tana magana ƙasa-ƙasa. "Da tana yi, wallahi tana yi. It's the tablets. Idan ta ce ba ta salla, that's how it starts, daga nan sai ta daina fita. Idan suka ji za su hana ni zuwa. Please, Anti."

Murja ta tsaya ruwa na zuba a hannunta. Yarinyar nan tana jin Hausa, tana mayarwa, amma kalma ukun nan da kowace 'yar Kano ta san abin da ke ƙarƙashinsu, ita a fili ta ɗauke su. Wani sanyi ya ratsa Murja, ga kunya, ga tausayi, duk a lokaci ɗaya. Ta kashe famfo.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Yi alwala."

Da suka kamo hanyar gida ruwa ya tsuge, motoci suka cushe a kan babban titi, ana tafiya ana tsayawa. Murja ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta lura cewa a mota ba sai ka kalli mutum ba, kuma wannan ya rage mata nauyin baki.

"Cire abin kunnen nan, Khairat."

Ta cire.

"Kin fara al'ada? Period nake nufi."

"Anti!" Ta juya wajen taga. "Tun Year Seven, ina shekara sha ɗaya. I'm not thick."

"Wannan watan ma kin yi?"

"Yanzu ma ina yi. Why?"

Murja ta saki wani numfashi da ta yi makonni tana riƙe da shi, har sai da motar baya ta yi mata hon.

"To ledar da na ajiye a banɗaki fa?"

"Naki ne. Ba na taɓa abin da ba nawa ba. A wani gida an ce na saci shampoo. Ina ɗaukowa a school, free ne."

"Naki ne, don ke na saya." Murja ta gyara riƙon sitiyari. Gumi ya tsatso mata a ƙarƙashin ɗankwali duk da sanyin garin. "Ki ji. Mace idan tana al'ada ba ta salla. Hutu ne Allah ya ba ta, kuma ba ta ramawa. Mu Hausawa ba ma cewa ina al'ada a gaban mutane, sai mu ce ba na salla. Abin da mamanki ta ce ke nan. Lafiyarta ƙalau."

Khairat ta zuba wa abin goge gilashi ido.

"So duk wata…" Khairat ta tsaya. "Tun ina ƙarama nake jin ta faɗa. Duk lokacin da ta faɗa sai in kasa barci, in ce ciwon ne zai dawo. Ina ɓoye mata wuƙaƙen kitchen." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "She was just on her period."

"Ba wanda ya taɓa gaya miki ana ajiye salla?"

"Wata yarinya a school ta faɗa. Ban san ko gaskiya ba ne. Wa zan tambaya? Gidan da na fi daɗewa Turawa ne, they were nice, su suka saya mini dadduma, a waya na koyi sallar. Da aka ce gidan Musulmi za a kawo ni, Hausawa, na ce this one ba zan ɓata ba. Na ce idan kika ga na zauna ana salla za ki ce ni 'yar iska ce, ki kira su su zo su ɗauke ni."

Idon Murja ya kawo ruwa, ta yi ta ƙifta shi don ta ga hanya. Da maganar ta tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma Khairat yarinya ce da ta girma tana karantar fuskokin manya, kuma ta iya.

"Hang on. Me ya sa kika yi wannan numfashin? Kullum kina kallona. Kina leƙa kabad ɗin toilet, na gan ki. Me kika ɗauka?"

Ƙarya ta zo har bakin Murja, mai sauƙi, wadda za ta wuce ba a gane ba. Ta tuna an yi wa yarinyar nan irinta a gida bayan gida.

"Buɗe jakata. Can ƙasa."

Khairat ta zuge jakar ta lalubo kwalin. Ta juya shi ta karanta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wow."

"Khairat…"

"Ko saurayi ba ni da shi. Ban taɓa…" Ta girgiza kai. "Kowa haka yake. Care kid, an kai ta court, so obviously. Na ɗauka ke daban ce. Ina tashi asuba cikina na ciwo kamar zan mutu, ina ruku'u don ki so ni, ke kuma kina…" Ta jefar da kwalin a ƙasan mota. "Tsayar da motar."

"A kan titin nan?"

"Stop the car!"

Allah ya taimaka akwai wurin hutawar matafiya a gaba kaɗan. Murja ba ta gama tsayawa ba yarinyar ta ɓalle ƙofa ta fita cikin ruwa, ta ratsa tsakanin motoci ta ɓace.

Murja ta bi ta a guje, ko kulle motar ba ta yi ba. Ta shiga ginin ta duba wajen masu cin abinci, babu. Ta shiga banɗakin mata tana duƙawa tana leƙa ƙasan ƙofofi, wata tsohuwar Baturiya na harararta, babu. Ta fito ta zagaya baya inda manyan motocin kaya ke jere, injinansu na ruri, kowace ƙofa tana iya buɗewa ta tafi da yarinya ko'ina a ƙasar nan. Ta ciro waya za ta kira Goodnews, ta fasa, don ta san da zarar ta kira an rubuta cewa Khairat ta sake gudu. Ta koma cikin ginin mayafinta ya jiƙe sharkaf, tana kiran sunan a hankali kamar mai jin kunyar a ji.

A ƙarshen wani lungu, bayan injinan wasan yara, akwai ɗan ɗakin da aka ware wa matafiya masu ibada. Khairat na tsaye a bakinsa. Ta riga ta cire takalmi ɗaya, ɗayan na ƙafarta, ta tsaya a haka ba ta shiga ba, ba ta juya ba. Lokacin la'asar ya yi, ƙafarta ce ta kawo ta.

Murja ta tsaya ɗan nesa, tana haki.

"Na yi miki laifi," ta ce. "Sista ta so ta koya miki, na hana, na ce ni zan yi. Ban yi ba saboda kunya. Da na rasa bakin tambaya sai na yi zargi. Ki yafe mini."

Khairat ba ta dube ta ba. "Monday me za ki ce musu?"

"Zan ce a mayar da ke ajin Sista Goodnews, kuma laifina ne da ba ki shiga ba."

"And?"

"Kuma ina son ki zauna a wajena. Ko kin yi salla ko ba ki yi ba. Ko da abin nan da na ji tsoro ne ya faru, da sai na yi rigima da su kafin su ɗauke ki."

Yarinyar ta ja hanci, ta goge da hannun riga. Ba ta ce ta yafe ba.

"Mayar da takalminki," in ji Murja. "Ki zauna a nan. Ni zan shiga."

Sai da ta faɗa ta gane abin da ta ɗauko wa kanta. Alƙiblar ɗakin bango take kallo, ƙofa na baya. Dole ta juya wa yarinyar baya, ga ƙofar fita a buɗe, ga titi. Ta cire takalmi, ta shiga, ta tayar da kabbara. Allah ya yafe mata, amma a sallar nan rabin hankalinta na kunnenta. Ta ji ƙarar takalmi a lungun, zuciyarta ta buga, ta ji an wuce. Ta ji an buɗe wata ƙofa an rufe. Ba ta san surar da ta karanta ba. Ta yi tahiya kamar ana korarta, ta yi sallama, ta waiwaya tun kafin ta gama sauke numfashi.

Khairat na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, ta rungume cikinta da hannu ɗaya. Idonta ya yi ja, amma tana nan.

"Anti, that was well fast. Ko ruku'u ba ki yi sosai ba."

"Rufe mini baki," in ji Murja, hawaye na zubo mata.

Yarinyar ta miƙe a hankali, ta tura mata takalmanta da ƙafa. Suka jero zuwa ƙofa ba mai taɓa wani. Sai da suka kai inda ruwan sama ke zuba sannan ta yi magana, tana kallon ƙasa.

"Idan mun shiga mota ina da tambaya. Like, da yawa. Wasu ba su da daɗi."

Murja ta ji tsohuwar kunyar nan ta taso mata. Daga nan zuwa Manchester akwai sauran tafiya, ga cunkoso.

"To," ta ce. "Ki fara da wadda ta fi muni."